Shekarar da Na Dawo da Uwar Shamuwa

Da sunan Allah nake shiga wannan babi, shi ne kuwa wanda na fi daɗewa ina kewayewa. Ku 'ya'yana na ɗakin Barira, na sha jin kuna gunaguni a kan yayarku Uwani. Wai ba ta kwana gidan nan, wai in ta zo gaishe ni a gefen tabarma take zama kamar baƙuwa, wai zuciyarta ba ta da laushi. Ran Sallar da ta wuce na ji Sani ya ce mata, "Yaya, ke kam sai ka ce ba uba ɗaya muke ba." Ta yi murmushi ba ta tanka ba, ni ma da nake zaune ina jin ku ban tanka ba. Shirun nan nawa zalunci ne, domin na san abin da ba ku sani ba. Tunda bakina ya kasa, bari hannuna ya faɗa. Karatuna bai wuce firamare ba, ko sartifika ban samu ba, don haka kada ku nemi ado a maganata.

A wancan lokaci ina aiki a wani ɗan shagon buga takardu a Sabon Gari, nan Maradi. Ba irin injunan yau muke da su ba. Da keken rubutu nake buga magana a kan wata takarda mai laushi da muke kira sitansil, in ɗaura ta a jikin inji, in yi ta juya hannu takardu suna fitowa, sa'an nan in ninke in ɗinke. Katin biki, takardun jarrabawa, sanarwar 'yan kasuwa, duk ta hannuna suke bi. Abin da aka kawo shi nake bugawa, domin uban gidana ya sha gaya mini cewa mai buga takarda jaki ne, ba ya kwance kayan da aka ɗora masa. Matata ta fari, Habsu, 'yar Jiratawa ce, ƙanwar Sha'aibu mai noman rani, wanda kuka sani da Kawu Sha'aibu. Uwani kaɗai muka samu da ita. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa muke ce mata Uwani. Kuma ita ce 'yar fari, kun dai san kunyar ɗan fari a wurinmu. Ban taɓa ɗora ta a cinya gaban mutane ba, ban saba doguwar magana da ita ba. Habsu ce ba ta damu da wannan kunya ba, tana rungumar ɗiyarta a tsakar gida, mata suna yi mata tsiya tana dariya. Duk abin da ke tsakanina da yarinyar nan ta hannun Habsu yake wucewa.

Ciwo ya kama Habsu ana cikin girbin hatsi. Da ya yi nauyi sai na ɗauki Uwani na kai ta Tsibiri wurin Iya, mahaifiyata, don kada ta ga uwarta a wannan hali. Tana cikin shekararta ta bakwai, lokacin shiga lekol, wato makarantar boko, ya yi, sai aka rubuta ta a can. Ba a daɗe ba Habsu ta cika a likita, wato asibiti. Muka kai ta makwancinta, aka yi zaman makoki a Maradi, yarinya tana Tsibiri ba ta san kome ba. Iya ta zo ta koma, ta ce ba za ta buɗe baki ba sai na je, domin magana ce ta uba.

Bayan sadakar bakwai na hau kekena na nufi Tsibiri. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, har na haddace shi kamar karatun allo. Ina jingine keke a zaure sai ga ta a guje, da allon lekol a hannu, haƙoranta biyu na gaba sun faɗi tun rabona da ita. Ta leƙa bayana, ta leƙa waje.

"Baba, ina Inna?"

Abin da na haddace ya gudu. Na dubi giɓin nan na bakinta, na tuna Habsu ba ta gan shi ba, kuma ba za ta gan shi ba.

"Ta tahi Jiratawa," na ce. "Tana taya Kawunki aikin rani."

"Ta warke?"

"Ciwo ya sake ta."

"Yaushe za ta komo?"

"In an gama aiki."

"Yaushe ake gamawa?"

"In ruwa ya sauka."

Ta ɗaga kai ta dubi sama, ba ko ɗigon gajimare, ta ce da sauran nisa, ta koma wasanta. Iya tana zaune bakin murhu tana jin mu. Ba ta kiran sunana, ni ma ɗan farinta ne. Ta bari sai da yarinyar ta fita.

"Kai wanga, mi ka aikata haka?"

"Iya, ai haka ake ce ma yara. An ce ta yi tahiya, shi ke nan."

"Ana ce ma na goye, wanda zai manta kahin a yaye shi. Wagga da ta san hanyar rijiya ita ɗaya? Ka ba ta rana, kai ko! Ka ce mata in ruwa ya sauka. To ruwa ba ya sauka ne a garinku?"

Na roƙe ta ta rufa mini asiri har yarinya ta ƙara wayo. Ta daɗe tana juya tuwo kafin ta amsa. Ta ce ba za ta warware ba, tunda ba ita ta ƙulla ba, amma ba za ta ƙara ko ƙwara ɗaya a kan abin da na faɗa ba.

Daga nan duk Asabar ina Tsibiri. Bayan tuwon dare yaran maƙwabta sukan taru a tabarmar Iya ta yi musu tatsuniya, kamar yadda ta yi mana muna ƙanana. Tana da na ban dariya da yawa, amma na lura tun da abin nan ya faru ta koma wa masu sanyaya jiki. Wata Asabar na tarar tana ba su ta wani ɗan maraƙi da aka kai uwarsa kasuwa. Yana bin sawun garke gari gari, yana waƙa yana tambaya, har ya isa inda aka ɗaure ta, ya tarar da igiya kaɗai a jikin turke. Iya tana rera waƙar da muryarta mai rawa, yara suna amshi a hankali. Na hango Uwani ta kwantar da kai a cinyar kakarta, hawaye yana bin gefen hancinta, ba ta share ba. Da aka ce ƙurunƙus sai ta ɗago.

"Iya, ƙara."

"Ke ƙawata, kin cika haɗama. Kin jiƙa mini zane, kuma kina son ƙari?"

"Ni dai ƙara. Daɗi gare ta."

Raina ya ɓaci. Da yara suka watse na ce wa Iya kada ta sake yin irin wannan a gaban Uwani, ta yi musu na wayo da na dariya. Na ce yaro ba ya bukatar a saya masa baƙin ciki, duniya za ta kawo masa nasa har gida. Iya ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Da wagga tatsuniya na goye ka. Ka yi kuka, ka yi barci, ka tashi ka ci ɗumame. Ɗiya mace da ɗan gwangwani take koyon ɗaukar ruwa kahin a aza mata tulu. Kai ka hana ta gwangwani, ga tulu can cike ka ɓoye bayan ɗaki. Ranar da zai hau kanta, wuyan wa zai karye?"

Ban saurara ba. Na ce 'yata ce. Iya ta ce to, ta daina. Daga ranar tabarmar nan ta koma ta gizo da ƙoƙi, Uwani kuwa ta rage zama a kanta.

Cikin sanyi wata yarinya ta ce mata a bakin rijiya, "Uwarki ta mutu, kowa ya sani." Uwani ta cije ta a hannu har jini ya fita, sai da Iya ta je ba da haƙuri. Da na zo ran Asabar ta tare ni tun a zaure, ta kama kan kekena da hannu biyu.

"Baba, Ladi ta ce Inna ta mutu."

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, ba ni na ƙwanƙwasa ba. Kalma ɗaya ta isa. Na sunkuya ina gyara sarƙar keke wadda ba abin da ya same ta.

"Ladi ba ta san abin da take hwaɗi ba," na ce.

"Na gaya mata. Na ce Babana ba ya ƙarya."

Iya ta tashi daga inda take tsince wake, ta shige ɗaki ta saki labule.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Madam Saratu. Tare muka tashi a Tsibiri, darni ɗaya ya raba gidanmu da nasu. Su Kirista ne, mahaifinta da mahaifina iyakar gona ɗaya suke da ita, tuwon Sallarmu yana shiga gidansu, na Kirsimetinsu yana shigo namu. Ita ta yi karatu ta zama malama, kuma a ajinta Uwani take. Lekol ɗin nasu irin wadda ake fara koya wa yara karatu da Hausa ce kafin Faransanci, amma littattafai sun yi ƙaranci. Sai Saratu ta riƙa rubuta 'yan labarai da kanta, tana zana hotuna, iyayen yara su taimaka a buga. Ƙarshen sanyi ta shigo shagonmu da wani a cikin jakarta.

"Lawali mai baƙin hannu, ga aiki na kawo maka. Ka wanke tawadar nan kahin ka taɓa mini shi."

"Madam mai alli, ke da farin hannu ni da baƙi, wa ya hi wani?"

Muka yi dariya, ta yi mini ya haƙuri, ta tafi. Da na zauna bugawa sai na fara karantawa, domin yatsa ba ya buga abin da ido bai gani ba. Labarin wata 'yar shamuwa ne da aka ƙyanƙyashe a kan tsamiyar wani gida. Ta faɗo ta karye a fiffike. Da damina ta ƙare, shamuwoyi suka tashi tafiyarsu kamar yadda suka saba, uwar ta yi ta kewaya tsamiya, a ƙarshe ta bi 'yan uwanta. Yaran gidan suka riƙa kamo wa 'yar shamuwa fara har ta warke. Ta yi rani ita kaɗai tana duban gabas. Da bazara ta yi shamuwoyi suka dawo, ta bi su ɗaya ɗaya tana duba fuskokinsu. A shafin ƙarshe Saratu ta rubuta cewa uwar ba ta cikinsu. 'Yar shamuwa ta yini ba ta ci kome ba, yaran gidan suka zauna a gindin tsamiya tare da ita ba wanda ya yi magana. Da gari ya waye ta ɗauko tsinke ɗaya ta aza a inda sheƙar uwarta take. Nan labarin ya tsaya. A ƙasa ta zana tsuntsuwa ɗaya a kan reshe.

Na daɗe hannuna a kan keken rubutu. Na san littafin nan hannun Uwani zai shiga, za ta karanta shi da bakinta, ta zo ta kama kan kekena. Ban yi shawara da kowa ba. Na buga duk shafukan yadda suke, da na zo na ƙarshe sai na rubuta nawa. Na ce ana nan sai ga wata shamuwa ta taso daga baya can, ta sauka a kan reshe, ta ce, na daɗe a hanya, amma ga ni na zo. Na ɗauki ƙarfen zane na kwafi tsuntsuwar Saratu a kan sitansil, na ƙara wata babba a gefenta. Na juya inji, na ninke, na ɗinke, na ɗaure su da igiya na aika Tsibiri. A duk shekarun da na yi a shagon nan, ranar ce kaɗai na kwance kayan da aka ɗora mini.

Saratu ba ta duba shafin ƙarshe ba, domin ta yarda da ni. Ta raba wa yara, suka kai gida, suka riƙa karanta shafi ɗaya kowace rana a aji. Sai ranar da suka kai ƙarshe ta ji abin da ba ta rubuta ba yana fitowa daga bakin wani yaro. Ran Asabar ta same ni a zauren Iya, littafin a nannaɗe a hannunta kamar za ta doke ni da shi. Uwani ta tafi ɗiban ruwa.

"Wa ya sa ka?"

"Saratu, yara ne. Mi ya sa za ki ba su labarin da ke ƙarewa da kuka?"

"Ko shamuwar kirki ba ka iya zanawa ba, agwagwa ka ɗora mini bisa tsamiya." Ba dariya a fuskarta. "Ka san su wa ke zaune gabana kullum? Akwai wanda rijiya ta rubza da ubansa. Akwai wadda ƙyanda ta ɗauke ma ƙanne biyu. Kana tsammanin ni na kawo musu baƙin ciki cikin jaka? Da shi suke zuwa, su zauna da shi bisa benci, ba mai tambayarsu. Duk littahin da ke aji yara ne masu uwa da uba suna cin tuwo suna dariya. Na ce bari su ga ɗaya mai kama da su, su ga an zauna da ita gindin itace ba a kore ta ba."

"Da kin bari sun ɗan girma."

"Bari in gaya maka abin da agwagwarka ta yi. Yaron nan na rijiya ya ɗaga hannu ya ce, Madam, har mutane ma suna komowa? Kahin in buɗe baki ɗiyarka ta tashi tsaye ta ce, suna komowa mana, tawa Innar tana zuwa da ruwan farko, Babana ya hwaɗi. Yaron ya koma gida ya tambayi uwarsa yaushe ubansa zai hito. Matar ta zo har lekol tana kuka."

Saratu ta sassauta murya. Ta ce za ta gyara wa sauran yara da bakinta, ta gaya musu ainihin yadda labarin ya ƙare, amma a ranar da Uwani ba ta aji, domin ba huruminta ba ne ta shiga tsakanin uba da 'ya.

"Lawali, don girman Allah ka hwaɗa mata kahin shamuwa ta iso. Ta ji daga bakinka, tana da inda za ta kwantar da kai. In ta ji a waje, wurin wa za ta gudu?"

Na yi mata alkawari. Na kuma yi niyya, Allah shaida ne. Amma duk Asabar sai in samu dalili. Yau tana mura, gobe tana murna ta ci gwajin lissafi, jibi baƙi sun cika gida. Ina kawo mata alewa da ɗan takalmi, ina komawa Maradi da maganata a ciki. Ita kuwa littafin nan ba ya rabuwa da ita. Iya ta ce kullum da safe kafin ta wanke ido sai ta fita ta dubi babbar tsamiyar da ke bayan masallaci.

Zafi ya kai inda ya kai, sai shamuwa ta iso. Na gan su da idona a kan itatuwan Sabon Gari, baƙaƙe da farin ciki, yara suna bin su da waƙa, manoma suna gyara kalme. Ni kaɗai a garin nan na gan su gabana ya faɗi. A Tsibiri Uwani ta sa Iya ta yi mata sabon kitso, ta wanke rigarta ta Sallah da kanta ta ninke, ta ce kada Inna ta same ta da dauɗa. Ba a jima ba ruwan farko ya sauka. Asabar ta zo ban je ba. Wata Asabar ɗin ta zo, na aika a ce aiki ya yi mini yawa. Ba aiki ba ne. Tsoron yarinya 'yar shekara bakwai ya hana ni taka garin da aka haife ni.

Ranar wata kasuwa da hantsi ina juya inji sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Iya ce, riƙe da hannun Uwani, tana sanye da rigar Sallar nan.

"Tunda ka ƙi zuwa, ga ta na kawo maka. Ba ta ci, ba ta barci, tana bakin hanya tun sahe har magariba. Yau sai ka yi magana."

"Baba, ruwa ya sauka," in ji Uwani. "Har an yi shibka."

Na ce takardun jarrabawa ne a hannuna, ana jiran su, su je kasuwa su dawo, da azahar sai mu zauna. Iya ta girgiza kai ta ja ta suka tafi. Rana ba ta kai tsaka ba sai ga Iya ita kaɗai, ɗankwalinta a hannu, tana haki. Wai ta tsaya taya gishiri, ta waiwaya ba yarinya. Muka bi kasuwa rumfa rumfa muna kira. A wajen da matan Jiratawa ke sayar da zogale da tumatir wata ta ce ta ga yarinya mai sabon kitso tana tambayar su wa suka san Sha'aibu. Wani mai amalanke da ya sauke kaya zai koma ya ce maƙwabcinsa ne, yarinyar ta ce masa kawunta ne, uwarta tana can. Ya ɗauke ta.

Na ari moton uban gidana, wato babur ɗinsa. Ban san yadda na isa Jiratawa ba. Ban same su a gida ba, aka nuna mini fadama. Na ajiye moto na bi bakin hanyar ruwa da ƙafa, tsakanin zogale da sauran albasar da ba a kwashe ba. Wata mata da ke tsinkar ganye ta miƙe ta ce, "Kai ne uban yarinyar? Wayyo. Duk ta bi mu ɗaya ɗaya, in ta ga mace a duƙe sai ta zagayo ta leƙa huskarta." Can na hango su a gindin wani mangwaro. Sha'aibu yana zaune a ƙasa, laka har gwiwa, Uwani a kan cinyarsa, ya dafa kanta. Idanunsa sun yi ja. Da ya gan ni ya sauke ta a hankali, ya taso ya tare ni nesa kaɗan.

"Da sunana ka yi ta," ya ce. "Wata da watanni ɗiyar ƙanwata tana zaton ni na riƙe mata uwa ina sa ta ban ruwa. Ta zo tana roƙona in sallame ta haka nan, aiki ya isa. Mi kake so in ce mata, Lawali? Na gaya mata. Da hannuna na sa Habsu a rami, ba ni iya cewa tana bayan gari."

Na wuce wurin yarinyar na tsuguna a gabanta. Na zaci zan same ta tana birgima. Ba ta kuka. Tana zaune a miƙe, hannuwanta a kan gwiwa, laka ta ɓata bakin rigar. Ta dube ni kamar yadda ake duban mutumin da aka taɓa gani a wani wuri.

"Baba, kai ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Ran da na ciji Ladi ka sani?"

"Na sani, Uwani."

Ta mayar da ido kan ruwan da ke gudu a gabanta. Na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarta, ta ɗan goce, ba da fushi ba, kamar mai ba wani hanya.

"To kai ni inda take."

Sha'aibu ya ce ai mata ba sa shiga maƙabarta. Na ce yarinya ce, kuma daga bakin shinge za mu tsaya. A raina na ce wannan kam zan iya yi mata. Na ɗora ta a moto muka koma Maradi, la'asar ta yi sanyi muka isa. Ku sani, tun ranar da muka rufe Habsu ban sake taka wurin ba. Yadda na guje wa Tsibiri haka na guje masa. Na tuna dai kusa da wata 'yar aduwa ce, ta hannun dama in an shiga. Amma bazarar shekarar ta zo da sanƙarau, an kai mutane da yawa. Inda na bari fili ne, yanzu kaburbura sun jeru har sun wuce aduwar. Ruwan farko ya bi ta kansu ya daidaita su, ya kwashe 'yan itatuwan da ake kafawa, ya tara su a gindin shinge. Na shiga na bar ta a bakin ƙaya. Na je na dawo, na sake komawa. Duk ƙasa ɗaya ce, ja, jiƙaƙƙiya.

"Wanne ne?" ta ɗago murya daga inda take.

Akwai wani a gabana mai kyan tudu, ciyawa ta fara tsiro a kansa. Da na nuna shi da ta karɓa, ta yi masa addu'ar da Iya ta koya mata, ta samu wurin da za ta riƙa tunawa. Hannuna har ya fara tashi. Na dube ta tsaye a bayan ƙaya, da kitson da aka yi don uwarta ta gani, sai na mayar da hannun cikin aljihu. Na fito na tsaya a gabanta.

"Ban sani ba," na ce. "Na ɓatar da shi. Yana cikin waɗanga, amma ban san ko wanne ba ne."

Ta bi su da ido tun daga wannan gefe har wancan, a hankali, ba ta tsallake ko ɗaya ba. A nan ne kukan ya zo mata, ba mai ƙara ba, kafaɗunta kawai ke rawa. Ina tsaye kusa da ita da hannu biyu, ban san yadda ake yi ba, ita ma ba ta matso ba. Da ta gama ta share fuska da bakin rigarta.

"Mai da ni gidan Kawu."

"Iya tana jiran ki. Ga lekol kuma, ga Madam."

"Gidan Kawu nake so. Shi ya gaya mini."

Na tada moto, ta hau baya. A can ta girma, a can aka yi mata aure, ba ta sake zama ƙarƙashin rufina ba. Hanyar Jiratawa a lokacin duk ramuka ce, ga ruwa ya kwanta a cikinsu. Na ce mata ta riƙe rigata da kyau kada ta faɗi. Ta ce to. Muka yi ta tafiya, moto yana tsalle, ina jiran in ji hannunta a bayana. Da muka kusa gari na waiwaya. Ta mayar da hannuwanta biyu baya, ta ƙanƙame ƙarfen da ake ɗaure kaya.